Tambaya da Amsa: Yadda waya za ta nuna muku halin teku kafin ku kai yara Zanzibar

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, kuma na yi niyyar kai maiɗakina da yaranmu huɗu tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya a hutun ƙarshen shekarar karatu, wajen watan Yuli ko Agusta. Ban da kogin Binuwai da tafkin Lagdo, yaran ba su taɓa ganin babban ruwa ba. Manhajar yanayi da ke wayata kullum hoton rana take nuna mini. Shin wannan ya isa in san ko ruwan zai yi wa yara daɗin shiga?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai ku lafiya. Wannan manhajar ba ta isa ba, domin zafi da ruwan sama kaɗai take faɗi, alhali abin da ke yanke hukunci a bakin teku shi ne cikar ruwa da janyewarsa, sai kuma iska.

Mu da muka tashi a gefen Binuwai mun saba da ruwan da ke cika da damina ya ƙafe da rani, sau ɗaya a shekara. Teku kuwa sau biyu take cika a kowace rana, sau biyu kuma take janyewa, saboda jan da wata da rana ke yi mata. Tsakanin cika ɗaya da ta gaba akwai kusan awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin yake jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Idan yau ruwa ya cika da ƙarfe tara na safe, bayan kwana uku sai wajen sha ɗaya da rabi. A gabashin tsibirin, a garuruwa irin su Paje da Jambiani, gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce, don haka idan ruwan ya janye yakan yi nisa ƙwarai. Mutum zai fito daga masauki da yara sanye da kayan wanka, ya tarar da farin yashi jiƙaƙƙe iya ganinsa, ga mata can sun durƙusa a tsakanin turakun da suke noman ciyawar teku, ruwan da ya zo dominsa kuwa ya koma wani shuɗin layi a nesa. A arewa, wato Nungwi da Kendwa, gaɓar ta fi gangara, ruwan ba ya gudu haka, ana iya wanka kusan kowane lokaci. Wanda ke da ƙananan yara ya kamata ya san wannan tun kafin ya biya kuɗin ɗaki.

Saboda haka abu na farko da za ku sauke shi ne manhajar jadawalin cikar teku, kuma suna da yawa kyauta a Play Store da App Store. Ku zaɓi tashar Zanzibar, za ku ga layi yana hawa yana sauka kamar tozon raƙumi, tare da awa da tsayin ruwa a mita. Wannan jadawalin lissafin tafiyar wata ne, ba hasashe irin na ruwan sama ba, don haka tun yau kuna zaune a shago za ku iya ganin yadda ruwan zai kasance a Agusta. Kalandar Musulunci ma za ta taimake ku: a farkon wata da kuma wajen 14 ko 15 ga wata ne ruwan ke cika matuƙa ya kuma janye matuƙa, har bambancin yakan kai kusan mita 4 a Zanzibar, a wajen 7 da 22 ga wata kuwa bambancin kaɗan ne.

Akwai wani tarko da ya sha kama mutane. Agogon Tanzaniya ya riga na Kamaru da Chadi da awa biyu, kuma wasu manhajoji suna nuna lokaci bisa agogon wayar, maimakon na wurin da aka zaɓa. Ku duba saitin manhajar, kuma da kun sauka ku tabbatar wayar ta koma agogon can, domin kuskuren awa biyu ya isa ya sa ku yi nisa a kan yashi daidai lokacin da ruwa ya fara dawowa.

Sai batun iska. Zanzibar tana kudu da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka lokacin da muke tsakiyar damina a Garwa su suna cikin rani mai ɗan sanyi, bayan manyan ruwan samansu na Maris zuwa Mayu. A watannin nan iskar da suke kira Kusi ce ke kaɗawa daga kudu, ita ce ma take jawo masu wasan lema a kan ruwa zuwa Paje. Manhajar Windy ita ce nake ba da shawara a nan, domin tana nuna ƙarfin iska da tsayin igiyar ruwa a kan taswira, tana kuma barin mutum ya kwatanta hasashen masana yanayi na Turai (ECMWF) da na Amurka (GFS). Ku mayar da ma'aunin zuwa kilomita a awa domin ya fi sauƙin fahimta. Idan hasashen biyu suka yi daidai, a dogara da su. Idan suka saɓa, a ɗauki wanda ya fi tsanani, musamman ranar da za a shiga ƙaramin kwale-kwale ko jirgin ruwan da ke zirga-zirga tsakanin tsibirin da birnin Darussalam, mai tafiyar kusan awa biyu. Amma kada ku wahalar da kanku da duba iskar Agusta tun yanzu, hasashen da ya wuce kwana biyar ba abin gina shiri ba ne.

Abin da waya ba za ta nuna ba shi ne inda ruwa ke da ja a ƙarƙashi, da inda bushiyar teku mai baƙar ƙaya take kwance a tsakanin duwatsu. Wannan sai masunta da ma'aikatan masauki. Kalmomi biyu na Suwahili za su wadatar wajen tambaya: "maji kujaa" shi ne cikar ruwa, "maji kupwa" kuma janyewarsa. Ku saya wa yara takalman roba masu rufe ƙafa, kuma babba ya tsaya kusa da su a cikin ruwan da hannu wofi, ba da waya yana ɗaukar bidiyo ba.

TAMBAYA: Malam, daga Marwa nake. An ce mini wayata ba ta jin ruwa. Zan iya shiga teku da ita in ɗauki hoto?

AMSA: Hajiya, ban ba ki shawarar haka ba. Alamar IP68 da ake rubutawa a kwali tana nufin an gwada wayar a ruwan daɗi mai tsaye, ruwan teku kuwa gishiri ne, yana cin ƙarfen ramin caji, kuma robar da ke toshe kafofin wayar tana saki idan wayar ta tsufa ko an taɓa buɗe ta wurin mai gyara. Yawancin kamfanoni ma ba sa karɓar lalacewar ruwa a garanti. Ki sayi jakar roba mai kulle, ki fara gwada ta a gida da takarda a ciki cikin bokiti. Idan kuwa wayar ta faɗa teku, ki kashe ta, ki ɗauraye ta a hankali da ruwan sha, ki bar ta a inuwa inda iska ke wucewa, kada ki sa caji sai ta bushe sarai. Binne ta cikin shinkafa ba ya cire gishiri, kamfanin Apple ma ya yi gargaɗi a kan hakan domin ɓarɓashin shinkafar na iya shiga cikin wayar.