Haɗuwa daban, gauraya daban: amsar tambayoyin masu karatu

Wani malamin makaranta daga unguwar Birni, a nan Damagaram, ya rubuto: "Malam, an turo mini bidiyo a WhatsApp, ruwa kala biyu a tsakiyar teku, ɗaya shuɗi ɗaya fari-fari, da layi tsakaninsu. An ce tekuna biyu ne suka haɗu amma ba sa gauraya har abada. Ashe haɗuwa da gauraya ba abu ɗaya ba ne?"

Ba ɗaya ba ne, Malam. Haɗuwa ita ce abu biyu su iso wuri guda kowa da kamanninsa. Gauraya kuwa sai sun shige juna har an kasa cewa ga wannan ga wancan. Cakuɗa tana ɗauke da ƙanshin rikici, shi ya sa ake cewa al'amura sun cakuɗe. Damawa tana son hannu ko ludayi. Akwai kuma surki, kalmar da matasa suka fara sakin ta, alhali ita ta fi dacewa da zancenmu: a zuba wani ruwa cikin wani don a rage masa zafi ko kauri.

Ka tuna wankan asuba a watan sanyi. An juye tafasasshen ruwa a kan na randa cikin bokiti, ka tsoma hannu, sama na ƙuna, ƙasa kamar ƙanƙara. Sun haɗu, amma sai ka juya da hannu za su surku, domin ruwan zafi bai kai na sanyi nauyi ba, sai ya yi zamansa a sama. A teku ma nauyi ne ke raba ruwa hawa-hawa, kuma abu biyu ke kawo nauyin: sanyi da gishiri.

Ana ganin irin wannan layi a gaɓar Alaska ta Amurka, inda ƙanƙara ke narkewa tana kwararo da garin dutse mai laushi. Ruwan ba shi da gishiri sosai, launinsa kuma daban, sai ya shimfiɗu a kan na teku. Layin gaskiya ne. "Har abada" ɗin ne ƙarin gishiri, don iska da igiyar ruwa suna narkar da shi a hankali, wani sabo yana biyo baya. Wanda ya taɓa tsayawa a Lakwaja, inda Kwara ta tarbi Binuwai, ya ga ɗan'uwan wannan.

Abin da ya fi ba ni sha'awa ba ya fitowa a hoto. Bahar Rum rana tana shanye ruwanta fiye da abin da koguna da ruwan sama ke mayar mata, saboda haka gishirinta ya kai kamar giram 38 a kowane kilo na ruwa, na Atlantika da ke maƙwabtaka da ita kuma wajen 36. Giram biyu kacal, amma sun isa. A mashigin Jibralta, tsakanin Maroko da Sifen, wanda faɗinsa a wuri mafi ƙunci bai wuce kilomita 14 ba, ruwan Atlantika na shiga ta sama, na Bahar Rum na fita ta ƙarƙashinsa a lokaci guda. Da ya fita sai ya gangara zuwa zurfin kusan mita 1,000, ya bazu, masana na bin sawunsa da awon gishiri da ɗumi har tsakiyar Atlantika kafin ya ɓace. A can kusa da Girinlan da Antatika, yankunan ƙanƙara na ƙarshen arewa da kudancin duniya, kuma ruwa mai tsananin sanyi ke nutsewa, ya bi ƙasan tekuna, zagayen da ke cin shekaru kusan 1,000.

Na san zuciyarka ta tafi ga kalmar barzahu da ta zo a Suratur Rahman, a ayar da ta yi zancen tekuna biyu da suka haɗu. A Larabci shamaki ne tsakanin abu biyu. Bahaushe ya taƙaita ta ga zaman da ke tsakanin mutuwa da tashin ƙiyama. Fassarar ayar aikin malaman tafsiri ne, kuma bai kamata a rataya ta a wuyan bidiyon da ba a san wanda ya ɗauka ba.

Wata baiwar Allah daga Mirya ta ce: "Mene ne asalin 'ruwa ba ya tsami banza'?"

Hajiya, asalinsa na madafarki. Ruwa shi kaɗai ko ya kwana bakwai ba zai yi tsami ba, sai an jiƙa gero ko dussa a ciki. Don haka in mai fara'a ya wayi gari yana ɗaure fuska, ko marowaci ya fara kyauta, sai a jefa karin maganar, wato a bincika, akwai dalili. Kusan kullum zargi take ɗauke da shi, ba a cika faɗinta a kan abin alheri tsantsa ba.

Teku ma ba ta yi gishiri banza ba. Ruwan sama na lasar duwatsu, koguna su kai abin da ya narke teku, rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin, har ya taru zuwa kamar giram 35 a kowane kilo. Aikin da rana ke yi ke nan a ramukan gishirin Bilma, sai dai can ana kwashewa a ɗora wa raƙuma. Tafkin Chadi shi ne ya zo da nasa salon: ba kogin da ke fita daga cikinsa, duk da haka ruwansa na shayuwa. Dalili kuwa, wani kaso na ruwan yana tsiyayewa ta ƙarƙashin ƙasa da gishirinsa, ya je ya fito a matsayin kanwa a kwarurrukan Kanem, arewa maso gabashin tafkin.