Idan kwale-kwale ya kife kuma ba ka iya ruwa ba

Malam, ka ce kana tsallaka kogin Neja zuwa kasuwa, ba ka iya iyo ba, kana tambayar abin yi idan jirgi ya kife.

Tun daga bakin gaɓa ake farawa. Sa rigar kariya mai hana nutsewa, ka ɗaure igiyoyinta tam, domin sakakkiya takan zame ta kai. In ka ga an loda buhuna da babura har ruwa na lasar bakin jirgin, haƙura ka jira na gaba. Tafiyar dare kuwa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya, NIWA, ta hana, ga kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa wajen Kainji.

In ya kife, kada ka rabu da jirgin, na katako yakan daɗe yana yawo a sama. Riƙe shi, ko ka rungumi jarka marar komai mai murfi. Kada ka cafki ɗan'uwanka. Haka mutum biyu ke nutsewa tare. Mai ceto ma ya miƙa gora ko igiya, kada ya faɗa.

Wanda aka tsamo, kada a danna cikinsa. In ba ya numfashi, a hura masa iska a baki, a riƙa danna ƙirji, a kira lambar gaggawa 112. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti, don ruwan da ya shiga huhu kan tayar da matsala daga baya.