Tambaya da Amsa: Kantin da ke rabon tallafi

Tambaya: Malam, wani babban kanti mai rassa da yawa yana raba kayan abinci ga marayu, amma ma'aikatansa na ta korafin albashi, shin in ci gaba da sayayya a wajensu?

Amsa: Gaskiya rabon tallafi abu ne mai kyau, marayun nan sun amfana kuma ba za a raina ba, sai dai ni abin da nake fara dubawa shi ne yadda kanti ke rike mutanensa, ana biyan albashi kan lokaci, ana sauke kayan da wa'adinsu ya kare daga kanta, manoman da suke kawo musu kaya ana biyansu ko sai sun yi ta sintiri? Ki tambayi masu karbar kudi da kanki, in korafin gaskiya ne ki rubuta wa manaja, in ba gyara ki koma wani kantin.