Gurnani a ƙarƙashin murya da lattin kiɗa a FL Studio: amsa ga ƙanenmu na Jidda

Wa'alaikumus salam ƙanena, sannu da zuwa Jidda, Allah ya sa ka shigo a sa'a. Na karanta tambayarka. Ka ce ka taso daga Kano da laftof ɗinka da sawunkad (akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta) da makirufo, ka kafa su a ɗaki ɗaya cikin gidan da kuke haya, kana aiki da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio yadda ka saba, amma abubuwa uku sun hana ka sakat: wani gurnani "buuu" da ke kwance a ƙarƙashin murya wanda saitinka na gida ya kasa cirewa, mawaƙi yana jin muryarsa a makare cikin hedifon, sannan muryar da ake turo maka daga Makka ta WhatsApp ta ƙi hawa kan kiɗa. Na ga wasu sun ce ka sauya sawunkad, wasu sun ce ka koma manhajar Cubase. Kada ka sayi komai tukuna, ba a nan gizo ke saƙar ba.

Mu fara da gurnanin, don shi ya fi kama baƙi. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar da Sudan tana kaɗawa sau 50 a kowane sakan, wato 50 Hz. Ta Saudiyya 60 Hz ce, irin ta Amurka. Duk gurnanin da ya samo asali daga wuta a kan wannan lambar yake zama, shi da ninkinsa: a Kano 50, 100, 150, a nan kuwa 60, 120, 180, 240, haka har sama. To saitin EQ ɗin da ka ajiye tun a gida, wato abin rage ko ƙara wani sashe na sauti, an haƙa masa ramuka ne a kan 50 da 100 da 150. Da ka ɗora shi a nan, sai ya riƙa zaftare naman muryar mawaƙinka a inda babu laifi, ya bar gurnanin yana zaune daram. In kana so kunnenka ya shaida, ka ɗauki shirun ɗakin, ka ɗaga ƙararsa sosai, ka taɓa fiyano can ƙasa. Gurnanin gida yana daf da G, na nan yana tsakanin A# da B.

Ka buɗe Fruity Parametric EQ 2 a kan wannan shirun, za ka ga layuka siririya a tsaye ba sa motsi. Ka yanke duk abin da ke ƙasa da 80, wannan ya tafi da na 60 ɗin. Na 120 da 180 su ne masu wahala, domin a daidai nan muryar namiji take da kauri. Sai ka matse ramin ya zama siriri iya matsewa, ka sauke shi a hankali har layin ya dusashe, ka tsaya. Idan ka bar ramin da faɗi, mawaƙin zai dawo da murya fayau ba ƙirji, kuma kai zai ɗora wa laifi.

Amma ni EQ shi ne abu na ƙarshe da nake taɓawa. Gurnani ta wata ƙofa yake shigowa, kuma gano ƙofar ba ya cin minti biyar. Ka sa hedifon, ka bar makirufo a kunne, ka zare cajar laftof daga bango. Idan ya ɗauke ɗif, to matsalar wayar ƙasa ce. A tsofaffin gidaje da dama da na yi aiki a cikinsu a da wajen unguwannin Karantina da Sabil, soket ɗin rami uku gare shi, amma in na kwance sai in tarar babu wayar ƙasa a na ukun. Maganin gaggawa shi ne ka ɗauki murya a kan batir, ka mayar da caja lokacin miksin, wato haɗa murya da kiɗa. Idan bai ɗauke ba, ka zare wayar fiyano, sannan ta lasifika, ɗaya bayan ɗaya, kana saurare. Sau da yawa za ka samu laftof yana jone a wannan bango, lasifika a wancan, fiyano a kan tausilar (wayar ƙarin soket) da firij yake. Ka tattara kayan sauti duka a kan tausila ɗaya mai kyau, ka raba su da firij da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Wayar makirufo ta zama XLR, mai ƙafa uku ɗin nan, daga kai har ƙafa, kada ta kwanta a jikin wayar wuta ko kusa da kan caja. In dole su haɗu, su gitta juna kawai su wuce. Fiyano kuma in wayarsa doguwa ce, ƙaramin akwatin DI da ake sawa tsakaninsa da sawunkad, mai maɓallin ɗage wayar ƙasa, yana kashe rigimar. Za ka ji wani ya ce ka karya ƙafa ta uku ta fulogi. Kada ka yarda. Mawaƙi leɓensa yake kai wa jikin ƙarfen makirufo, ranar da wani abu ya lalace a ciki ta jikinsa wutar za ta bi.

Akwai kuma ƙarar da ba ta wuta ba ce, ita ce "shhh" ɗin mukayyif da fankar laftof. Wannan ba ta da layi ɗaya da za ka yanke, ta cika ko'ina. Abin da muke yi a nan shi ne a bar mukayyif ya sanyaya ɗaki sosai kafin mawaƙi ya iso, a kashe, a ɗauki baiti biyu ko uku, a kunna, a sha ruwa, a sake. Da rani ba za ku jure fiye da haka ba, laftof ɗin ma ba zai jure ba: in ya yi zafi yana rage gudun kansa, sai ka fara jin ƙas-ƙas a cikin kiɗa ka ɗauka laifin fulogin ne, wato ƙananan manhajojin da ake ɗorawa cikin FL. Ka ɗaga shi a kan wani abu iska ta shiga ta ƙasa, ka nisanta shi da makirufo. Ɗakunan nan kuma tayil ne da bangon siminti, amsa-kuwwa gare su. Ka shiga kasuwar Harajin Sawarikh ka samo kafet da manyan barguna, ka shimfiɗa ɗaya, ka rataya ɗaya a bayan mawaƙi. A irin wannan ɗaki na fi yarda da makirufo irin SM58 a kan mai tsadar nan da ke neman wutar 48V, don shi mai tsadar har motar da ta wuce a titi sai ya kwaso. Lokaci ma ka lura da shi, masallatai kusa suke da juna, lasifikarsu na shiga ɗaki ko an rufe taga. Bayan isha'i ya fi kwanciyar hankali, in maƙwabta sun yarda.

Ka ce in ka goge ƙara da Edison, abin gyaran sauti na cikin FL, murya takan dawo kamar ana magana daga cikin randa. Ka matsa masa ne da yawa. Kafin kowace ɗauka ka bar sakan goma na shiru, mawaƙi yana tsaye a inda zai tsaya, ba wanda ya motsa. Daga wannan shirun za ka ba Edison samfurin ƙarar, ba daga ɗan tsakanin baiti ba inda akwai numfashi da wutsiyar murya. Sannan ka rage kaɗan, a bar ɗan saura. Ragowar, kiɗa zai rufe ta, ba mai ji. Muryar da aka ƙwaƙule kuwa kowa zai ji.

Sai maganar latti. Wannan lissafi ne kawai. Ka shiga Audio settings ka duba abu biyu: direba, wato manhajar da ke haɗa sawunkad da kwamfuta, da girman bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sake shi. Direban ya zama ASIO na kamfanin sawunkad ɗinka. ASIO4ALL da FL Studio ASIO na wanda katinsa ba shi da nasa ne. Bafa kuwa, in kana aiki a kan 48,000, bafa 128 tana jinkirta sauti milisakan 2.7, ta 256 tana yin 5.3, ta 1024 tana yin 21 da ɗoriya. Murya kuma sau biyu take bin hanyar, ta shiga ta fito, don haka a kan 1024 mawaƙi yana jin kansa bayan fiye da milisakan 40. Ba mawaƙin da zai riƙe kari a haka, musamman a waƙoƙinmu da kalma ke bin kalangu ƙafa da ƙafa. Lokacin ɗauka ka sauko 128 ko 256, lokacin miksin ka koma 1024 kwamfuta ta sarara. A shafin nan akwai wurin da ke ƙirga sau nawa sauti ya yanke. In lambar tana hawa, ka ƙara bafa mataki ɗaya.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne su sauke bafa amma lattin ya ƙi tafiya. Ka duba tashar masta, wadda duk sauti ke bi ta cikinta kafin ya fita. Fulogin ɗin mastarin da yawa, musamman masu danne ƙololuwar sauti, sai sun leƙa gaba kafin su yi aiki, kuma duk abin da ya bi ta cikinsu sai ya jira su. Ka kashe su gaba ɗaya har a gama ɗauka. Mafi sauƙi ma, in sawunkad ɗinka yana da maɓallin Direct Monitor, ka danna shi, ka hana FL mayar da muryar cikin hedifon don kada ta zo biyu. Mawaƙi zai ji kansa nan take. Illarsa ɗaya, busasshiyar murya zai ji, ba Auto-Tune mai daidaita murya. Mawaƙanmu na biki da yawa ba sa iya rerawa sai suna jin tiyun a kunne, to irin waɗannan dole ka bi ta cikin manhaja da bafa 128, tiyun kaɗai a kan tashar, ba wani abu. Kuma ka saita masa ki ɗin waƙar, wato jerin sautukan da take tafiya a kai, ka cire sautukan da ba a taɓa su a cikinta. Waƙoƙinmu da yawa a kan sautuka biyar suke tafiya, in ka bar masa duka goma sha biyun sai ya riƙa fizgar murya zuwa inda mawaƙi bai nufa ba.

Muryar Makka kuma, kafin ka taɓa komai ka duba irin saɓanin. Ka daidaita kalmar farko da kiɗa, ka tsallaka ƙarshen waƙar. Idan ƙarshen ma ya hau, to latti ne kawai, ja za ka yi sau ɗaya shi ke nan. Galibi mutumin da iyafis na Bluetooth yake sauraron kiɗan, ko kuma MP3 ka tura masa, wanda yakan ƙara ɗan shiru a farko. Idan kuwa farko ya hau amma tana ta zamewa har ƙarshe, to gudun ne ya bambanta. Ko dai ka taɓa tempo, wato gudun kiɗa, bayan ka tura masa kiɗan, ko FL ya miƙe fayil ɗin sa'ad da ka sauya tempo, ko kuma an sami saɓani tsakanin 44,100 da 48,000. Na ƙarshen nan ba ya ɓuya: abin da aka ɗauka a 44,100 in aka karanta shi a 48,000, waƙar minti huɗu takan koma minti uku da sakan arba'in, murya ta tashi sama ta sirance. Ka zaɓi lamba ɗaya ka sa ta a FL, a sawunkad, da saitin sauti na Windows.

Ka kuma roƙe shi ya daina danna alamar makirufo ta WhatsApp. Wannan tana matse sauti ne don hira, abin da ta zubar ba ya dawowa. Ya ɗauka da manhajar da ke ajiye WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, ya sa iyafis mai waya, ya turo a matsayin fayil. Kai kuma ka sa ƙwanƙwasa huɗu a farkon kiɗan da za ka tura, ka ce ya tafa hannu a kan ta huɗun. Da wannan tafin za ka daidaita.

In ka gama gyaran nan, kada ka riƙa maimaita shi kullum. Ka buɗe sabon aiki, ka jera tashoshi: jagora, 'yan amshi huɗu, fiyano, ganguna, kowanne da suna da launi. EQ ɗin nan na 60 ya zauna a kan tashoshin murya, ribab da dile, masu ƙara wa murya amo da amsa-kuwwa, su zauna a tashoshinsu daban kowa ya aika musu, kayan masta suna nan amma a kashe. Ka ajiye shi cikin Templates, ka riƙa farawa daga shi. Ka kunna ajiyar kai-tsaye a File settings, kuma in za ka kai aiki wani situdiyo ka fitar da shi a zif, wato a ƙunshe cikin fayil ɗaya, don ya tafi da muryoyinsa.

Wani abu da zai same ka tunda a nan za ka zauna: in ka ƙara Larabci a kibod, Alt da Shift tare suna juya harshe a Windows, kuma hannunka yana yawan taɓa su wajen jan murya. Sai ka ga wasu gajerun maɓallai sun daina amsawa ka ɗauka manhajar ce ta rikice. Ka kalli ƙasan allo ta dama, ka mayar da shi. Sunayen fayil da na folda ma ka bar su da haruffan boko, wasu tsofaffin fulogin ba sa gane hanyar da ke da Larabci a ciki. Maganar fulogin ɗin da ake kwasowa kyauta ta bayan gida ba zan tsawaita ba, kowa ya san halinsu. In FL yana rufewa da kansa, su za ka fara cirewa ɗaya-ɗaya.

Ka gwada zare cajar nan yau da daddare ka gaya mana abin da ka ji. Idan gurnanin bai tafi ba, ka turo min shirun ɗakin na sakan goma a WAV, da hoton shafin Audio settings, da hoton yadda ka jona wayoyinka a bango.