Kaluluwa ta fito wa Mama, in ƙara sayo methotrexate ɗin ko mu bari?

Tambaya: Salam. Mamanmu shekara 6 kenan tana shan methotrexate saboda ciwon gaɓoɓin nan mai kumbura yatsu, kuma Alhamdulillah yanzu har fura take damawa da hannunta. Toh wata biyu kenan kaluluwa ta fito mata a wuya, ba ta ciwo amma ta ƙi tafiya, ga gumi da daddare har sai ta canza riga. An ce min maganin ne ke kawo ciwon daji, wato kansa. Kwalin ya kusa ƙarewa, in sayo wani ko mu koma na gargajiya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kuɗin kwalin nan ki riƙe shi tukunna, ki kai ta wajen likitan da ya rubuta maganin a satin nan kafin ranar shan na gaba ta zagayo, tunda dama sau ɗaya ake sha a sati kin ga kina da 'yan kwanaki a hannu. Na gargajiya kuwa dan Allah a ajiye maganar.

Abin da aka faɗa miki akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba. Akwai wata ƙwayar cuta, Epstein-Barr, da aka gano a 1964 a jikin samfurin kansar muƙamuƙin yara da aka kai Landan daga Yuganda. Sama da kashi 90 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, ta yawu ake ɗauka tun ana yara, sai ta kwanta lamo a cikin ƙwayoyin farin jini har ƙarshen rayuwa, garkuwar jiki ce ke danne ta. Shi kuma methotrexate aikinsa kenan ya sassauta garkuwar don ta daina cin gaɓoɓi, toh a wasu mutane ƙalilan sai ƙwayar ta samu sarari ta sa ƙwayoyin farin jinin nan su yi ta hayayyafa, sai kaluluwa, ko gyambo a baki da ya ƙi warkewa, wani ma a huhu. Likitocin Japan sun fi kowa rubutu a kai. Abin da ke sanyaya min rai shi ne da yawa in likita ya tsayar da maganin kumburin na sacewa da kansa cikin makonni, ba ƙarin ruwan maganin ciwon daji ba komai, wasu ne ke buƙatar magani irin rituximab.

Kuma kar ki ɗora wa maganin laifi shi kaɗai, shi kansa ciwon gaɓoɓin in an bar shi yana ta ci yana ƙara haɗarin kansar kaluluwa. Sannan a nan wajenmu tibi ma na fitar da kaluluwa a wuya sosai, shi ya sa ido ba ya iya rarrabewa, sai an yi gwajin jini an ɗan yanki naman an duba. Kuɗinki nan ya kamata ya tafi. In an tsayar mata da methotrexate ɗin akwai wasu magungunan ciwon gaɓoɓin irin sulfasalazine da hydroxychloroquine, likita zai zaɓa.

Tambaya: Yayana yatsunsa na sandarewa da safe, mai kemis ya ce ya gwada methotrexate. Mu saya?

Amsa: A'a ɗan uwa, wallahi kar ku saya. Kafin a fara shi sai an duba hanta da ƙoda da ciwon hanta nau'in B, wanda mutane da yawa ke yawo da shi ba su sani ba kuma maganin na iya tayar da shi. Mutane sun mutu don sun sha shi kullum kamar farasitamol, haɗa shi da Septrin ma na iya karya jini gaba ɗaya. Ku kai Yaya asibiti a fara tabbatar da wane irin ciwo ne.