Tambaya da Amsa: Matan finafinan kaboyi, hawan gaske suke yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana muna yawan kallon finafinan kaboyi, kuma kullum musunmu ɗaya. Shi ya ce matan nan da ake nunawa bisa doki suna korar shanu duk ƙirƙira ce, ni kuwa na ce akwai su. Wa ke da gaskiya?
Maman yara, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. A gaida maigida, amma wannan karon gaskiya na wajenki. A 1862 dokar Amurka ta ba mace marar aure da wadda mijinta ya rasu damar mallakar eka 160, in ta zauna ta raya filin shekara 5. Dubban mata sun karɓa. Su ke gyaran shinge, su ke karɓar haihuwar saniya cikin tsananin sanyi. Yawancin tsofaffin finafinan ne suka tsayar da su bakin ƙofa suna jiran namiji ya dawo.

Maigida ma bai rasa hujja ba, don sau da yawa wani gwani ke yin sukuwar a madadin jarumar. Sai dai a fim ɗin Forty Guns na 1957, jaruma Barbara Stanwyck da kanta ta yarda doki ya ja ta a ƙasa, ƙafarta maƙale a likkafa.

Wannan magana tana taɓa ni. Na tashi a gidan da ake ɗaure dawaki a Unguwar Sarki. Mahaifina ke hawa, amma gwaggona ke dama dusa da kanwa tun asuba, kuma ita ke fara gane akawalinmu ba shi da lafiya, tun daga yadda ya shinshina harawa ya kau da kai. Ranar hawa kowa na yi wa mahayi jinjina, ba mai ambaton ta. Allah Ya ji ƙanta.

Shi ya sa in ina kallo, hannu nake dubawa. Wadda ta saba da doki ba ta fisgar linzami, ba ta kuma tunkarar sa ta baya. Ki duba dokin ma. In kin ga ya wuni yana sukuwa babu gumi babu haki, ƙarya ce. Da can har azabtar da su ake yi: an tura doki daga kan dutse wajen ɗaukar fim ɗin Jesse James na 1939 ya mutu, daga nan ƙungiyar kare dabbobi ta American Humane ta fara sa ido a wuraren ɗaukar fim.

Ku nemi fim ɗin East of Wall na 2025. Tabatha Zimiga, mai horar da dawaki a jihar Dakota ta Kudu, ita ta fito a matsayin kanta, tare da 'yarta Porshia. Ku kalla tare da maigida, ki nuna masa yadda suke riƙe ragama.