Lafiyarku: Bitamin D da ƙashi bayan dashen ƙoda

Tambaya: Likita, wata huɗu ke nan da yi wa mijina dashen ƙoda. Gwaji ya nuna bitamin D da fosfet ɗinsa sun yi ƙasa, alhali a da hana shi fosfet ake yi. In saya masa kalsiyam da bitamin D?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara masa lafiya. Kada ki saya tukuna.

Bitamin D ba ya aiki sai ya bi ta hanta, sannan ƙoda ta mai da shi kalsitiriyol, wanda ke sa hanji ya tsotse kalsiyam da fosfet. A shekarun da ƙodarsa ta gaza, ƙananan ƙulluttan nan huɗu na wuya da ke fitar da sinadarin PTH sun kumbura, sun saba aiki fiye da kima. Sabuwar ƙoda ta zo, su kuwa ba sa lafawa nan take. Sai su sa ta zubar da fosfet a fitsari, su kuma jawo kalsiyam daga ƙashi zuwa jini. Shi ya sa za a iya samun kalsiyam ya hau a jini, ƙashi kuwa yana rarakewa. In aka ƙara masa kalsiyam a wannan hali, sabuwar ƙodar ce za ta sha wahala.

Magungunansa ma da hannunsu. Prednisolone yana rage tsotsar kalsiyam, kuma ƙashi ya fi zaizayewa a wata 6 zuwa 12 na farko. Tacrolimus yana zubar da magniziyam, omeprazole ya ƙara rage shi. Alamar ƙarancin magniziyam ita ce ɗaurewar jijiya da karkarwa. Ga shi an ce ya rage shiga rana saboda gudun kansar fata, alhali rana ce ke sa fata ta samar da bitamin D.

A nemi gwajin kalsiyam, fosfet, magniziyam, PTH da 25-OH D (ma'aunin bitamin D a jini) tare. In 25-OH D ya yi ƙasa da 20 ng/ml rashi ne, likitoci da dama kan so ya kai 30. Yawanci cholecalciferol, wato bitamin D3, ake bayarwa, a sake gwaji bayan kamar wata 3. Kalsitiriyol ya fi saurin ɗaga kalsiyam, sai da sa idon likitan ƙoda.

Abin da ya fi damunmu shi ne lokacin shan magani. Magniziyam da maganin gyambon ciki mai alminiyam suna riƙe mycophenolate, maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙoda, a hanji, su hana shi shiga jini yadda ya kamata, wannan kuwa na iya sa jiki ya ƙi ƙodar. In an rubuta masa su, a bar tazarar awa 2 bayan shan mycophenolate.